Zanen da Mufida ta warware

In kun taɓa shiga Aliero lokacin kakar albasa, to kun wuce ta gaban shagon Mufida, ko kun lura ko ba ku lura ba. Shi ne mai igiya a ƙofa, inda yaduka ke shanye, ɗanyen fenti na tashi har ya danne warin albasa. Ankon biki, rigunan 'yan makaranta, kallabin walima, duk ita ke buga musu zane. Mace ce mai hannu, wannan ko maƙiyinta ba ya musu. Amma akwai abin da ke cinta a rai, kuma daga ɗakin kakarta ya samo asali.

Kakar ita ce Inna Gudiya ta Dangamaji, masaƙiya, irin masu jingina masaƙa da bango su zauna gabanta su wuni. Mufida a gindin wannan masaƙa ta tashi, tana wasa da guntayen zare. Da ta gama sakandare a Jega ta ce ita zanen tufafi za ta karanta a makarantar koyon zane, kowa a gidan dariya ya yi. Ƙanen babanta Sirajo har da riƙe ciki: yau ga wadda za ta je birni ta koyo abin da tsohuwa ke yi da goro a baki! Inna Gudiya ce kaɗai ta tsaya mata. Ta ce a bar yarinya, zare ya san jininsa.

To ita Inna tana da wata saƙa da take kira fangali, don gida-gida take, da tudu da kwari, kamar fangalin albasa a fadama. Majayin goyo take yi da ita, ga 'ya'yan gida kawai. Saƙa ce mai wuya, layi arba'in da wani abu kafin ta maimaita kanta, kuma Inna ba ta taɓa riƙe ta a ka ba. Akwai wani tsohon zane da mahaifiyarta ta saƙa, shi take cewa uwa. Sai ta shimfiɗa shi a cinya, hannun hagu na bin tudun zaren, na dama na ɗagawa a masaƙa. Ko da yanar ido ta fara rufe mata gani, aikinta bai tsaya ba, don dama ba da ido take karantawa ba.

A shekarar ƙarshe ta karatun Mufida aka ce kowane ɗalibi ya kawo saƙar garinsu ya fitar da lissafinta a takarda. Ta zo ta roƙi uwa. Tsohuwa ta tambaye ta:

"Ki kai ta ina, 'yar nan?"

"Makaranta, Inna. Sati uku ne kawai."

"To, ki maido min ita yadda kika ɗauke ta."

Wallahi da niyyar haka ta tafi. Sai dai zanen ya tsufa, baban rini ya cinye shi, zare ya manne da zare, ta ƙirga ta ƙirga lissafi ya ƙi fita. A aji kuwa an koya musu cewa in saƙa ta gagara ƙirgawa, sai a zare zaren kwance ɗaya bayan ɗaya, ana yi ana rubutawa. Da guntayen atamfa suka koya, waɗanda ba mai kuka a kansu. Mufida ta sa allura ta zare layi ɗaya. Lissafi ya fito tas. Daɗi ya kama ta, ta zare na biyu. Ta ce bari ta tabbatar da maimaicin, ta ƙara. Zaren tsaye da ya ruɓe ya shiga tsinkewa da kansa, kafin sati ya zagayo uwa ta koma tulin zare a cikin leda. Kaico, ƙuruciya da ɗokin ilimi!

Ta ci maki mafi yawa a ajinsu. Aka liƙa takardarta a bango, malamai na nuna wa baƙi. Ta dawo Dangamaji da takarda mai gida-gida, fes, kowane zare da lambarsa, tana ganin ta kawo abin da ya fi wanda ta ɗauka.

Inna ta shafa takardar, ta shafa ledar. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Takarda ba ta da tudu, Mufida. Da mi zan bi ta?"

Suka gwada. Mufida na karanta lamba, Inna na ɗaga zare. Ina! Wadda ta shekara hamsin yatsa na gaya mata, yau a ce mata bakwai sama uku ƙasa? Kafin azahar ta rikice, kanta ya ɗau ciwo. Ta ce to Mufida ta zauna ta koyi masaƙar da kanta, tunda ita ke jin yaren takarda. In ta saƙa ko taƙi ɗaya ne, an sami sabuwar uwa. Wata shida zai ishe ta. Mufida ta ce to, bari ta gama hidimar ƙasa. Daga hidimar ƙasa sai buɗe shago, daga shago sai aure a Aliero, sai haihuwa. Ta taɓa zuwa har Maiyama wurin gwaggonta Barakatu neman tsohon majayi na fangali, ta tarar ya suɗe ya zama tsumman sauke tukunya. Nan ma ta ce ba komai, ai takarda na nan. Shekara tara tana cewa bayan salla.

Bara aka aiko cewa jikin Inna ya yi nauyi, idon ya tafi gaba ɗaya. Hankalin Mufida ya tashi. Masaƙa dai ba ta koya ba, sai ta yi abin da ta iya. Ta fitar da takardar, ta haɗa shuɗi irin na baba sak, ta buga fangali a kan farin yadi mai kyau. Kwana huɗu tana yi. Duk wanda ya gani sai ya ce kai, kamar a taɓa a ji tudun. Ta naɗe ta hau mota.

Ta tarar da tsohuwa a kan tabarma, an jingina ta da bango. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ɗora mata yadin a cinya.

"Inna, ga fangalinki na kawo miki."

Fuskar tsohuwa ta washe. Ta baje yadin, ta sa yatsun hagu tun daga gefe, a hankali, har ɗaya gefen. Ta juya bayansa ta sake bi. Mufida na kallon shuɗin gidajen nan suna wucewa ƙarƙashin yatsun, santsi ɗaya, ba abin da ya tare su.

"Yadin na da kyau," in ji Inna. "To ina aikin? Ko ba ki fara ba tukuna?"

Matan gida kowa na kallon ƙasa. Mufida ta buɗe baki za ta yi bayani, ta ga bayanin ba shi da inda zai shiga.

"Ban fara ba, Inna."

"To ki yi sauri, ɗiyata," tsohuwa ta ce, tana naɗe yadin ta miƙo mata. "Ina so in taɓa shi."

Kwana goma sha ɗaya ta ƙara a duniya.