Ankon Ranar Zaɓe

Har yanzu idan okada, wato babur ɗin haya, ta yi ƙara a bakin layinmu sai in tsaya cak. Ko wanke-wanke nake yi sai na ajiye kwanon, in kasa kunne in ji ko guda ɗaya ce ko suna da yawa. Kakata tana cewa in riƙe addu'a, zai wuce. Ina yi. Amma na ga gara in rubuta abin tun yana sabo a raina, don kada ranar da hankalina ya kwanta in raina abin da aka yi mini.

A Agege aka haife ni, a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, kusa da layin dogo. Ni da kakata muke zaune tun rasuwar babana. Ɗakin da ke kallon namu na wata dattijuwar Bayarabiya ce mai tallan burodi, kowa Iya yake ce mata. Tsakaninta da kakata ba ya wuce gaisuwar safe da faɗa a kan igiyar shanya.

A zaɓen da ya wuce, wanda ya tsaya takarar majalisar jiha daga unguwarmu aminin babana ne, dillalin fata a kwata. Baffa muke ce masa. Bai taɓa siyasa ba. Abin da ya tunzura shi magudanar ruwan unguwarmu ce, duk damina sai ta toshe, ƙazamin ruwa ya shigo mana har ƙarƙashin gado, kuma duk wanda muka tura majalisar jiha ba ma sake ganinsa sai ya dawo neman ƙuri'a. Manyan jam'iyyun biyu ko wurin zama ba su ba shi ba, sai ya shiga wata ƙarama da ba mu taɓa jin sunanta ba. Mahauta suka samu abin tsokana.

"Alhaji, jam'iyyar nan taka za ta cika motar danfo ɗaya kuwa?"

"Keke ma ya ishe mu," in ji shi, "in dai direban ba ɓarawo ba ne."

Lokacin na gama sakandare ina zaune a gida. Da yake ina jin Yarbanci da Turanci, sai Baffa ya zo da kansa ya roƙi kakata ta bar ni in zama wakiliyarsa a rumfar zaɓen makarantar firamaren unguwarmu. Kafin ranar kuma na riƙa bin gidaje ina nuna wa mata inda alamar jam'iyyar take a takardar ƙuri'a, can ƙasa, inda idon tsohuwa ba ya kaiwa.

Kakata ce ta kawo maganar anko. A wurinmu ba a yin taro ba anko, suna ne ko biki ko walimar sauka. Matan unguwa suka haɗu suka yanki yadi ruwan goro, kalar fostar Baffa, aka kai wa tela ya ɗinka hijabai don ranar taron kamfe. Tela ya yi halinsu. Taro ya zo ya wuce, hijabai ba su fito ba sai jajibirin zaɓe. To wa zai ajiye sabon anko a akwati alhali gobe ce ranar mai abin? Na ce wa kakata an hana zuwa rumfa da kayan jam'iyya.

Ta ɗaga hijabin ta juya shi. "Hoto kika gani a jiki? Ko rubutu? Ke da karatunki sai tsoro. Hijabi ne, sallah ma zan yi da shi."

Gaskiyarta kuma, ba hoto ba rubutu. Ni ma na sa nawa.

Da safe layin mata ya zama ruwan goro tun daga bakin aji har ƙofar makaranta. Mu kanmu ba mu san muna da yawa haka ba. Mata suna ta dariya suna taɓa juna, wata har ta rangaɗa guɗa aka ce ta yi shiru. Ba mu yi tunanin cewa yadda muke ganin yawanmu haka wasu ma suke gani ba. Ƙuri'ar da ake cewa ta sirri ce, mun sa ta a jikinmu mun fito da ita rana tsaka.

Iya tana zaune a bakin ƙofa da tiren burodinta. Kowa ya san ita ta babbar jam'iyya ce, ta karɓi atamfarsu da shinkafarsu, ba ta kuma ɓoye ba. Da na zo wucewa ta kama gefen hijabina ta ce da Yarbanci, "Ɗiyata, kayan nan naku sun cika surutu." Na yi dariya na wuce.

An fara da tsofaffi, don haka kakata ta jefa tata da wuri ta koma gida. Wannan kaɗai idan na tuna sai in yi hamdala.

Wajen azahar suka zo. An hana ababen hawa fita ranar, shi ya sa ƙarar okadojin ta cika layin gaba ɗaya. Samari ne, da kwalabe da gora da adduna. Suna ihu da Yarbanci da Turancin titi, kuma na ji ɗaya da Hausa tsantsa yana cewa, "Masu ruwan goron nan ne, ku bi su!" Aka kifar da tebur, akwatin ƙuri'a ya fashe a ƙasa. Na ga an kai wa wata maƙwabciyarmu gora a baya tana riƙe da goyo. Ban san lokacin da na ruga bayan azuzuwa ba. Na tsuguna tsakanin bango da tankin ruwa, ina jin ƙafafu suna zagaye, ina karanto duk abin da ya zo bakina.

Mutane suna tambayata me ya sa ban cire hijabin ba. Wallahi bai zo mini a rai ba. Tun ina 'yar firamare ban taɓa taka ƙofar gida kaina a buɗe ba, kuma 'yar riga ce mai gajeren hannu a ƙasa. Na ƙara ƙudundunewa ma a cikinsa, kamar shi zai ɓoye ni.

A nan Iya ta same ni. Ashe ta ga inda na bi. Ba ta lallashe ni ba. Ta fizge hijabin ta kaina, ta tsinke katin wakilcin da ke wuyana, ta cusa su a bayan tankin. Ta kwance zanin da ta ɗaura a kan na ƙasa ta yafa mini a kafaɗa, ta cire ɗankwalinta ta ɗaura mini irin ɗaurinsu, ta ɗora gammo, ta ɗora tiren burodin.

"Tashi. Kada ki yi Hausa, kada ki yi kuka. Idan na zage ki, ki sunkuyar da ido."

Ta sa ni a gaba, ta fara. Ban taɓa jin zagi irin na ranar ba. Malalaciya, mai ƙafar agwagwa, uwarki ta turo ki Legas ki kashe mini jari, tun safe burodi nawa kika sayar? Tiren yana ta karkarwa a kaina, ita kuwa tana daka mini duka a baya tana cewa in ya faɗi sai ta karya ni.

A bakin ƙofa ɗaya daga cikinsu ya tare mu. Idonsa jawur, da fasasshiyar kwalba a hannu. Ya dube ni, ya dubi hannuna da ke riƙe da gefen tire. Da lalle a yatsuna. Na ji fitsari yana neman kufce mini.

Iya ta shiga tsakaninmu tana tafa hannu. "Oga, kai ma ka gan ta ko? 'Yar ƙanwata ce, ba ta san komai ba sai kwalliya. Ɗauki burodi, ɗana, tun safe kana rana. Ɗauki babban, mai zafi ne."

Ya miƙa hannu saman kaina ya zari ɗaya, ya yage ledar da haƙori. Ya ce mu ɓace masa da gani.

Ba ta daina zagina ba sai da muka tsallake layin dogo muka shiga lungunmu. A nan ta sauke tiren, ta zauna a bakin magudanar ruwa. Ta yi ta haki tana kiran sunan Allah.

Kakata tana tsaye a ƙofar gida ba takalmi, labari ya riga mu isowa. Da ta gan ni da ɗaurin Yarbawa ba ta gane ni ba sai da na yi magana. Ta rungume ni, sannan ta sake ni ta kama hannun Iya biyu ta riƙe. Kakata ba ta jin Yarbanci sosai, Iya ba ta jin Hausa sai ta ciniki. Suka tsaya haka suna kuka, kowa tana faɗin nata.

Bayan la'asar Baffa ya zo, ya gama zaga gidajen waɗanda aka ji wa ciwo. Babban mutum da furfurarsa, ya cire hula ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya. Ni na yi musu tafinta.

"Ki gaya mata ba ni da bakin gode mata."

Iya ta ce, "Gaya masa ya tashi, ni ban zaɓe shi ba. Gobe ma ba zan zaɓe shi ba."

Ya yi dariya har da hawaye. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ki yafe mini, 'yata. Babanki amana ya bar mini, ni kuma na kai ki bakin wuta."

Bai ci zaɓen ba. Ƙuri'un rumfarmu ma soke su aka yi. Ya koma kan fatunsa, kuma da damina ta kusa shi da mahauta suka fito da shebur suka yashe magudanar da kansu.

Ni kuwa na daɗe ban fita ba. Ko shagon bakin layi sai dai a aika wani. Wata safiya Iya ta leƙo ɗakinmu ba sallama, ta ce in sa hijabi in raka ta gidan burodi. Hanyar ta gaban makarantar take bi. Na ce ba zan iya ba.

"Za ki iya. Ko so kike ki tsufa a ɗaki kamar wannan?" Ta nuna kakata da baki.

Kakata ta gane da ita ake, ta ce, "Ke ce tsohuwa."

Na fita. Da muka zo daidai ƙofar makarantar yara suna ta shiga da jakunkunansu, mai gadi yana kora masu latti. Ƙafata ta tsaya. Iya ta kama ni a tsintsiyar hannu, da ƙarfi har ya yi mini zafi, muka wuce. Har yau ban iya bin wajen ni kaɗai ba, sai na jira ta.