Bajapanen da ke Sauraro da Tafin Hannu

A ƙarshen shekarun casa'in, titin Liuhua, wata kasuwar ƙasar waje, cunkushe yake da kwalaye da 'yan dako da shagunan kayan sauti. A wani shago a nan ne Alhaji Salihu, mai sarin lasifika daga Kano, yake kallon wani Bajapane mai furfura, cikin baƙar riga koɗaɗɗiya, tikitin wasan kiɗa na leƙowa daga aljihunsa, ƙunshin taliyarsa ya huce bai taɓa ba. Mai shago ya ƙure sauti, mutumin ko gezau. Sai ya ɗora tafinsa a kan lasifika, ya lumshe ido, ƙafarsa ta kama bin kiɗan.

"Kunnensa na mutuwa, Alhaji," in ji mai shagon. "Daga ƙasa zuwa ƙasa yake bin makaɗa kafin ya kurmance."

Ko kunnen ya kai shi wasan da ya zo dominsa, har yau Salihu bai samu labari ba.