Idon Ruwan Gindin Dutse

Ina tsugune a kasuwar Yankara ina duba bakin wata garma, sai wani ɗan kabu-kabu na garinmu ya taka birki a gabana, saura kaɗan ya hau kan kayan maƙeri. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Kai kana nan kana cinikin ƙarfe, can dutsenmu ya tsage, ruwa na ta ɓulɓulowa!" Shekaru sun shuɗe, na ji labarai masu daɗi da marasa daɗi, amma wannan rana da abin da ya biyo bayanta ba za su fita daga raina ba har in koma ga Mahaliccina.

Na ajiye garmar na haye bayan babur ɗinsa. A hanya yake ba ni labari, iska na kwashe rabin maganar. Wai da hantsi aka ji wani rugugi daga ƙarƙashin ƙasa, kamar babbar mota na wucewa ta cikin rami. Kwanuka suka zubo daga jere, tuluna suka yi ta karo da juna, kaji suka watse. Mutane sun ɗauka ɓarayin daji ne suka zo da wata sabuwar bindiga, kowa ya ɗebi 'ya'yansa ya faɗa cikin dawa. Da aka ji shiru aka fito, sai ga dutsen ya dare daga kafaɗa zuwa gindi, ruwa fari tas yana fitowa ta ƙarƙashin wani ƙaton ɓangare da ya ɗan zame ya jingina.

Sai na faɗi halin da muke ciki kafin a gane irin murnarmu. Ƙauyenmu yana ƙasar Faskari, a jingine da wannan dutse tun kaka da kakanni. A shekarar an yi zafin da tsofaffinmu suka ce ba su taɓa gani ba. Rijiyoyi suka ƙafe, ƙasa ta dare har ƙafar akuya na faɗawa. Mata sai sun tafi wani rafi can cikin daji, inda kowa ya san su wa ke kai da komo. Damina ta yi jinkiri har muka fara fid da rai, da ta tashi zuwa kuma sai ta zo kamar da fushi, ruwan da ya kamata a sha a wata guda ya sauka cikin 'yan kwanaki. Mun san kuma da zarar rani ya dawo, sai rafin daji.

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne mahaƙin rijiyar yankinmu. Har Kankara da Sabuwa ana zuwa ɗaukarsa. Abin da ke cin ransa shi ne, ya shayar da garuruwan wasu, amma a garinsu ya haƙa ya haƙa, dutse kawai yake tararwa. A ranin nan matarsa ta taɓa dawowa daga rafi a guje, ba tulu ba takalmi, don ta hango masu bindiga a ƙetare. Tun ranar ya rage dariya.

Amma da na isa gindin dutsen, dariyarsa na fara jiyowa. Gari duk ya tattaru. Mata na rangaɗa guɗa, masu jarka na layi, wani har ya kawo rake yana sayarwa. Yaya na tsaye cikin ruwa zuwa idon sawu, wandonsa a naɗe, yana kamfata da hannu biyu yana watsa wa duk wanda ya matso. Da ya hango ni ya ɗaga murya, "Ƙane, zo ka sha! Wanga ba ruwan sama ba ne, ido ne. Ji sanyinsa!" Na sha. Wallahi har yau ban sha ruwa mai daɗinsa ba.

Akwai wani tsoho maƙwabcinmu, Bamaguje ne, duk gari Baba muke ce masa. Shi da Yaya wasan kaka da jika suke yi. Ya dogara sandarsa ya zo, aka ba shi ƙwarya ya sha, ya goge baki, ya daɗe yana kallon ɓangaren nan da ya jingina. Ya ce, "Ruwa dai ya yi daɗi. Amma mu a da, in dutse ya yi tari, barinsa akan yi ya huta. Bai gama magana ba."

Yaya ya ce, "Baba, faɗi gaskiya, jan zakara kake so a yanka ka sha romo."

"Ja'iri! Da zakaran nan aka yi renon ubanka."

"To ka kwantar da hankalinka, in na gama aiki har ƙofar ɗakinka zan ja maka ruwa, amarya ta huta."

"Wace amarya? Wadda ka ƙwace mini?"

Aka fashe da dariya, har shi Baban. Maganar ta wuce a haka.

Mahaƙa rijiya suna da wata ƙa'ida da suka gada: sabon ido, in ba a buɗe masa hanya yana ɗanye ba, laka takan toshe shi ya canza wuri, kuma ba ya dawowa. Yaya ya ga haka ta faru a rijiyoyi da yawa, kuma gaskiya ne a rijiya. Don haka ya ce ba jira, a kira gayya, a yashe gindin, a yi kwarmi babba a ɗaure shi da duwatsu, ruwa ya taru mu ci rani da shi. Ba wanda ya musa. Mu duka mun san rijiya, ba wanda ya san dutse mai motsi.

Ranar gayyar kamar salla. 'Yan Tafoki suka zo da diga da shebur, makaɗin noma ya zo da gangarsa ba a ma gayyace shi ba. Musulmi da Kirista da su Baba, kowa hannunsa cikin laka. Muka yi layi, kwando na fita daga hannu zuwa hannu, makaɗi na kirari, mata na amshi. Yaya ne a can gaba, a ƙarƙashin ɓangaren da ya jingina, yana bin idon ruwan da 'yar digarsa. Duk sarar da ya yi sai ruwan ya ƙaru, sai ya waiwayo ya yi mana ihu, mu kuma mu amsa. Ana ta lissafin abin da za a shuka: wannan ya ce albasa, wancan ya ce tumatir, wani ya ce shi bana ba shi ba cin-rani. Matar Yaya tana gefe tana dama fura, tana dariya har tana share ido da bakin mayafi. Lakar da muke kwashewa da murna, ita ce ta tokare dutsen. Wannan sai daga baya muka sani.

Da rana ta take aka sauke abinci a inuwar wata ɗorawa. Kowa ya fito yana wanke hannu. Na leƙa na ce, "Yaya, fito, fura za ta ƙare."

Ya ce, "Ku ajiye mini tawa. Ina jin uwar ruwan nan kusa, ji yadda take kuka. Sara kaɗan ya rage."

Na juya. Ban kai ga inuwar ba na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafata, kamar an ja tabarma. Ganga ta tsaya. Sai ƙara. Da na waiwaya, ɓangaren nan ya zauna daram a inda kwarmin yake, ruwa na fita ta gefensa jajawur da laka, can kuma ya koma fari.

Ba zan faɗi abin da ya biyo baya dalla-dalla ba. Mun haƙa da diga, mun haƙa da hannu har farce ya fita. An haɗa shanun huɗa na gari duka aka ɗaura igiyoyi, igiyoyin suka tsinke. An nemo motar tona ƙasa, direban ya zo ya ga hanyarmu bayan ruwan saman nan, ya ce ko ya so ba za ta iso ba. Baba ya zauna a ƙasa kusa da wurin, bai ce ai na faɗa ba, sai hawaye ke bin gemunsa. Daga ƙarshe liman ya tsayar da mu a gaban dutsen muka yi wa Yaya salla a nan.

Bayan wani lokaci wani ma'aikaci mai ilimin ƙasa ya zo dubawa. Mutum ne mai haƙuri, ya zauna da mu a kan tabarma ya yi bayani da Hausa. Ya ce zafin da ya yi yawa shi ya busar da lakar da ke cikin tsagogin dutsen ta ja baya, sannan ruwa mai yawa ya sauka lokaci guda ya cika su, ya yi ta turawa daga ciki har dutsen ya zame, motsin nan ne muka ji. Ya ce sauyin yanayi ba sama kaɗai yake taɓawa ba. A ƙasashen ƙanƙara, in ta narke nauyinta ya sauka daga kan ƙasa, ƙasar takan ɗago, wani lokaci ta girgiza, wani dutsen ma ya yi aman wuta. A bakin teku kuma, in gefen tsauni ya rufta cikin ruwa, igiyar ruwa takan taso ta share gari. Ni ban taɓa ganin teku ba, ban san ƙanƙarar da ta fi ta ruwan sama ba. Amma ban yi masa musu ba, don na ji ƙaramin abin da tafin ƙafata.

Na tambaye shi ko da mun jira da abin bai faru ba. Ya ce watakila da dutsen ya zauna da kansa ba kowa a ƙarƙashi. Ban sake tambaya ba.

Abin da na koya shi ne, ilimin da muka gada na gaskiya ne, amma an gina shi a kan damina da rani irin na da. Yanzu sama ta canza hali, ƙasa ma tana canzawa tare da ita. Yaya bai yi ganganci ba, ya bi abin da ya sani ne a kan abin da ba a taɓa gani ba. In ƙasa ta yi abin da ba ta saba ba, a ja baya a tambaya, ko da abin da ta fito da shi alheri ne.

Ruwan bai ƙafe ba, ko a tsakiyar bazara. Matan garinmu sun daina zuwa daji, akwai albasa da tumatir a gindin dutsen. Matar Yaya dai rijiyar maƙwabta take aika a ɗebo mata, ba wanda ya taɓa tambayarta dalili. Duk shekara bayan kaka mukan zauna mu yi maganar nemo motar da za ta ɗaga dutsen. Har yau ba mu yi wa Yaya kabari ba.