Ranar da Na Kwaikwayi Tafiyar Iya

A Runka na tashi, tun Nasara bai shigo ƙasar Katsina ba. In an ci tuwo, mu yara sai mu kewaye wutar kara a tsakar gida, mu jira Iya, mahaifiyar babanmu. Jiran kuwa ba kaɗan ba. Wani ciwo ne ya kama ta, hannunta na karkarwa har ta bar kaɗi. In ta zo dokin ƙofa sai ƙafafunta su kafe kamar an dasa su. Can su sake ta, ta taho a sunkuye da 'yan ƙananan taku, sauri-sauri, ba ta iya tsayawa sai ta dafa rumbu. Duk da haka kullum sai ta fito, har barka da ta'aziyya tana zuwa cikin gari. Mai maganin da aka ɗauko daga Batsari ma cewa ya yi kada a bari ta zauna, in ta zauna ƙafar ta tafi ke nan.

Ran nan ta ce, "To, ga ta na kawo, ku tarbe ta." Tatsuniyar Hawainiya ta ba mu. Wai Sarkin Dawa ya kira dabbobi rabon tafiya. Barewa ta ɗauki gudu, zomo ya ɗauki tsalle. Hawainiya ta tsaya jinyar uwarta, ko da ta iso an rabe, saura guntun taku biyu, ɗaya na gaba ɗaya na baya. Ta haɗa su ta yi godiya, da su take zuwa ko'ina har yau.

Ni kuwa sarkin rawar kai, na yi zumbur na ce bari in nuna musu tafiyar Hawainiya. Ina fa! Ta Iya na yi. Na kafe a dokin ƙofa, na karkaɗa hannu, na taho duƙe na rungume rumbu. Yara suka yi ta birgima, har manyan mata sai da suka toshe baki. Ba wanda ya tsawata mini, ai wasan jika da kaka ne, ba a shiga. Ciwon kuma ya daskarar mata da fuska, ba a gane fushinta. "Ja'ira," ta ce, "kya zo neman ɗumame." Na kwanta ina jin na burge.

Washegari ba ta fito ba, wai sanyi. Jibi ma haka. Tatsuniya ta koma cikin ɗaki, daga baya ta ɗauke. Kafin damina Iya ba ta iya miƙewa, kafin a yanke gero an kai ta makwancinta.

Sai da na yi haihuwar fari, ina wankan jego a gida, mahaifiyata Inna ta gaya mini sauran. Ita ta raka Iya ɗaki ran nan. Iya ta riƙe mata zane, ta ce a hankali, "Tsakaninki da Allah, Hauwa, haka mutanen gari suke ganina?"

Ashe ba ta taɓa sani ba. A ranta tafiya take kamar kowa, sai dai da wahala, kuma gari guda ya rufa mata wannan asiri shekara da shekaru. Tatsuniyar nan ma roƙonmu take a bar ta da guntun takunta, ni ce ban ji ba. Yau ina da furfura da jikoki, amma wallahi in na tuna kunya har cikin ƙashina. Na sha kai laifin ga ciwo. Ciwo bai zaunar da Iya ba, ni na zaunar da ita.