Garzali da Babur Mara Batir

A Sabon Garin Wudil, wanda bai san Garzali mai allurar shanu ba, to jiya ya sauka a tasha. Shekara talatin yana bin rugage tsakanin Darki da Ɗankaza. Fulani na kiransa Dakta, 'yan unguwa kuwa sai su ce Dakta Ƙaho, shi ko ya bi su da ashar mai daɗin ji.

Baburinsa tsoho ne mai salansa biyu, gadon mahaifinsa. Matarsa Hansai takan ce, "Ai ya girme ni, shi ya sa nake gaishe shi da safe." Matsalarsa ɗaya, batir. Da gargadar hanyar daji ta jijjiga shi, sai ya mutu inda ba kowa. Tun Fulani na haƙuri har suka koma kiran samari masu sababbin mashina. Garke ɗaya ya rage wa Garzali, na wani arɗo a bayan Ɗankaza, kuma shi ke ciyar da gidansa. Shi ma arɗon ya aiko: ran Laraba shanu za su tashi, a zo a yi rigakafi Talata, in ba haka ba a yafi juna.

Garzali ya tura babur wurin Abdulbaƙi bakanike, wani ƙato mai ƙafa kamar taɓarya.

"Baba Dakta, mu cire batirin nan ka huta," in ji Abdulbaƙi. "In haɗa maka dairek, wuta ta riƙa fitowa daga koyil. Amma fa daga yau ƙafarka ce batir."

"Kai, yaro! Ƙafar da ta tokare bijimai tun ba a haife ka ba?"

"Allah ya huci zuciyarka, Baba."

Kwana uku ana aiki. Duk lokacin gwaji Abdulbaƙi ne ke taka kiki, ƙarfen tayar da inji, taku ɗaya babur ya ɗauka. Garzali na kan benci yana cin goro yana gyaɗa kai, don dattijo ba ya tattare riga a gareji alhali ga na ƙasa da shi. Ran Talata ma, saboda ladabi, Abdulbaƙi ya kawo baburin har ƙofar gida a kunne. Garzali ya ɗaure kular allura cike da ƙanƙara, ya haye. Bai taɓa taka kikin nan ba ko sau ɗaya.

Babur ya yi gudu, ba ƙarya. Sai da hantsi, a tsakiyar wani busasshen rafi, rairayi ya riƙe taya, inji ya yi tari ya mutu. Garzali ya yi bisimilla ya taka, shiru. Ya sake, shiru. Ashe wutar sai an taka da ƙarfin saurayi take fitowa. A taku na goma sha wani abu, Garzali ya tattara duk abin da ya rage masa, kiki ya dawo da fushi, gwiwarsa ta ce ƙas.

A kwalta da ko turawa aka yi ya tashi. A rairayi wa zai tura? Ya zauna a inuwar baburin yana kallon ruwan ƙanƙara na ɗiga, ya san allurar da ta sha zafi ta zama ruwan banza.

Bayan la'asar wani mai amalanke ya kwashe su, shi da babur, har rugar. Arɗo ya tarbe shi da gaisuwa doguwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka dama fura. Bai ambaci allura ba. A gindin gawo kuwa ga kwalaben allurar wani an riga an yi amfani da su an zubar. Da Garzali zai tafi, arɗo ya miƙa masa zabuwa, ya ce, "Dakta, mun gode da zaman shekaru."

Gwiwar dai har yau ba ta koma daidai ba. Kullum da safe sai ya yi wanka, ya sa hula, ya dogara sanda zuwa dakalin ƙofar gida, ya ajiye waya a cinya. Masu wucewa su ce, "Dakta Ƙaho, yau wace rugar?"

Ba ya ko ɗaga kai. Sai dai ya juya wayar, ya duba ko tana kunne.