Akwatin da Ya Fi Ƙarfin Babur

Shekara bakwai na yi ina kaɗa jitar bes a wata ƙungiyar makaɗan biki a Gumel. Mu biyar ne: maigidanmu mai waƙa, mai piyano, mai ganga, mai ƙaramar jita, sai ni. Aikin bes shi ne riƙe ƙasan kiɗa, sautin nan mai kauri da mutum ke ji a ƙirji kafin ya kai kunne. Ni kuwa da wata tsohuwar sifikar aro nake fama, wadda in na taɓa babbar tsirkiya sai ta hau ƙara kamar an taka kwanon rufi. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Wata ranar kasuwar Maigatari na tarar da wani ɗan Damagaram ya baza sifiku a tabarma: 'yan inci goma, masu sha biyu, masu sha biyar, da uwarsu mai inci goma sha takwas. Idona ya ƙi barin uwar. Ita na ɗauko na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu, wanda ya saba haɗa wa masu biki akwatunan sifika.

Ya juya ta, ya dube ni. Ya ce, "Yaro, wannan ai sai akwati kamar rumbu. Katako mai kauri, da kafa a ƙasa don iska ta fita, in ba haka ba ba za ta yi magana ba. Da za ka ji tawa, mayar da ita ka karɓo 'yan inci goma guda biyu, in yi maka akwati biyu. Sautinsu ya fi fita tar, kuma ka ɗaure su a babur hagu da dama ka yi gaba."

Na ce, "Baba, bes nake kaɗawa, ba rediyo ba."

Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ya jawo abin awonsa.

Ba zan yi wa akwatin nan ƙarya ba, ya yi magana. Ranar da muka fara fita da shi a cikin Gumel, har tagogin maƙwabta sai da suka amsa. Maigida ya dafa kafaɗata a gaban jama'a. Wata biyu na yi kaina a kumbure.

Sai kaka ta shigo, bukukuwa suka koma ƙauyuka da rugagen wajen Gagarawa da Sule Tankarkar, inda rairayi ba ya barin mota ta wuce. Kowa ya ɗaure kayansa a babur. Nawa kuwa mutum biyu ke ɗaga shi, suna nishi. Ɗan acaɓan farko ya zagaya shi ya ce mini, "Maigida, wannan ai kayan amalanke ne." Na biyu ya yarda, amma kafin mu wuce Gagarawa Tasha mun sha ƙasa sau biyu, ya sauke ni ya juya. Na gwada amalanken shanun ma, na isa an riga an tafi da amarya.

Biki na gaba maigida ya ce, "Ka huta kawai. Mai piyano zai riƙe mana ƙasan da hannun hagu. Na yau ne kaɗai."

Na yau kaɗai ɗin nan shi ya cinye kakar gaba ɗaya. Ina zaune a gida da rumbuna, ina jin wucewar baburansu. Na san maganin, na san ƙofar kafinta, amma girman kai rawanin tsiya. Sai da na ga sun daina ko leƙo ni sannan na sayar wa masu gidan kallon ƙwallo akwatin, na sayo 'yan inci goma guda biyu na kai wa dattijon. Ya karɓa kawai, ya jawo abin awonsa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na gaya wa maigida na shirya. Ya ce, "To, zo mana." Wani biki ne a gefen Sule Tankarkar, bayan la'asar, a fili. Na sauke akwatuna biyun da hannuna, na jona, muka fara. Wallahi sautin ya fita tsaf, kowace tsirkiya da muryarta. Raina ya yi fari.

Ba mu yi nisa ba maigida ya waiwayo ya yi mini alama da hannu in rage. Na rage. Ya sake. Na sake ragewa. A na uku zuciya ta ɗebe ni, na murɗe abin ƙarar har ƙarshe, na kashe shi ɗungurungum. Na ci gaba da motsa yatsuna a kan jitar da ba ta cewa komai, ina jiran wani ya waiwayo ya ce, ina bes? Waƙa ta ƙare, aka ɗauki wata. Mata na ta rawa, ana ta liƙi. Mai ganga, da muka shekara bakwai kafaɗa da kafaɗa, ko kallona bai yi ba. Haka na tsaya har aka tashi.

Muna haɗa kaya maigida ya zo da fara'arsa. Ya ce, "Yauwa, ka ga yau ka yi daidai. Haka za ka riƙa barinsa."

Na ce masa to, na shiga naɗe waya. Ban sake bin su biki ba, su ma ba su aiko ba.