Injin Jijjigar Inna

Yau da safe na ci karo da Inna, mahaifiyata, a kan jingar bakin kogi, tana tafe tana share gumi da bakin mayafi. Matar da tun rasuwar Baba ko ƙofar gida sai an yi da gaske take leƙawa!

Likita ne ya ce ta rage ƙiba saboda ciwon suga, shi ne na sayo mata injin nan da ake hawa yana jijjiga jiki. To, wutar unguwarmu sai ta ga dama take zuwa, dole muka kai shi gidan ƙanwarta mai sola, can ƙarshen gari. Kullum a ƙafa take zuwa ta dawo. Yanzu har rigunanta sun fara yi mata yawa.

Na ce, "Inna, kin san fa tafiyar nan ce ke miki aiki, ba injin ba?"

Ta harare ni. "Ce maka aka yi ban sani ba? Jiya ma ban hau ba, hira muka sha. Amma kar ka kuskura ka dawo min da shi gida."

Inji dai ya samu wurin zama. Ku fa, me ke fitar da iyayenku daga ɗaki?